Wane kaya ne ke sa ɗan ajin reno ya buɗe baki a lokacin labari?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ina koyar da yara 'yan shekara 4 zuwa 5, su 32, kuma kullum da hantsi muna da minti 20 na labari. Damuwata ita ce yaran suna sauraro sarai, babu mai ko motsi, amma idan na gama na ce wani ya faɗa mini abin da ya faru, yara biyar ko shida ne kawai ke magana, kuma su ɗin ne dai kullum. Sauran sai su ba ni kalma ɗaya, wasu ma kai kawai suke gyaɗawa. A farkon zangon nan an kawo mana manyan hotuna masu launi mun cika bango da su, an kuma kawo littattafan nan da hotunansu ke miƙewa tsaye idan an buɗe shafi. Yaran sun yi murna ƙwarai, amma ban ga bakinsu ya ƙara buɗewa ba, hasali ma rigimar wanda zai ja takardar da ke motsa hoton ta fi labarin cin lokaci. Don Allah wane kaya kuka gwada da hannunku, kuka ga ya ƙara wa yaro kalmomi da iya jera magana?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi shekara 31 ina koyar da ƙananan yara kafin na ajiye aiki, kuma zan faɗa miki abin da na gani ko da ba zai yi wa masu son kaya daɗi ba. Babban kayan ba da labari yana jikinki: muryarki, fuskarki da hannuwanki. Idan kika ce "sai zaki ya fito" kika sassauta murya, kika zaro ido, kowane yaro zai zana nasa zakin a cikin kansa, kuma wannan zanen da yake yi da kalma kaɗai shi ne aikin da muke so ƙwaƙwalwarsa ta saba da shi. Da zarar kin ɗaga hoto, kin yi masa aikin, idonsa ya bar bakinki ya koma kan takarda. Shawarata ki tattara kayan nan ki ajiye na wata guda, ki zauna ƙasa tare da su, ki ba da labari da baki.

Malama Zainab:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na yarda da ke cewa babu kayan da zai maye gurbin muryar malami, amma ki yi mini uzuri, ina da abin da na gani wanda ya sa ba zan iya cewa a ajiye komai ba. Bara ina da wata yarinya da ta yi wata biyu a ajina ban ji muryarta ba, alhali mahaifiyarta ta tabbatar mini cewa a gida har sai an ce ta yi shiru. Na ɗauki tsohuwar safa, na ɗinka mata maɓalli biyu a matsayin ido, na zura hannuna, na ce wa yara wannan kyanwa ce kuma ba ta iya magana sosai ba, sai sun taimaka mata. Na sa kyanwar ta nuna kujera ta ce tebur ce. Aji ya ɗauki ihu ana gyara mata. A kwana na huɗu kyanwar ta matsa kusa da yarinyar nan ta nuna takalminta ta ce, "Hularki tana da kyau." Yarinyar ta dubi safar, ba ni ta duba ba, ta ce a hankali, "Ba hula ba ce, takalmi ne." Jimla cikakkiya, ta farko da na taɓa ji daga bakinta. Abin da na fahimta shi ne, ni tana jin nauyina saboda ni babba ce kuma na san amsar duk abin da na tambaya, amma kyanwar ba ta sani ba, don haka akwai dalilin gaya mata.

Akwai kuma abin da murya kaɗai ke shan wahala wajen nuna shi. Yaran wannan shekaru suna rikita "shiga" da "shigo", "fita" da "fito", "kai" da "kawo". Na samu kwali na huda masa ƙofa, na ajiye shi a gabansu. Idan kyanwar ta juya musu baya ta nufi cikin kwalin, sai su ce ta shiga. Idan ta leƙo ta nufo su, sai su ce ta fito. Daga baya na sa yaro ɗaya ya zauna a bayan kwalin inda buɗaɗɗen gefen yake, na tambaye shi me ya gani, ya ce ta shigo, sauran kuma suka ce ta shiga, aka yi ta musu har suka gano cewa kowa ya faɗi daidai daga inda yake zaune. Ban san yadda zan koyar da wannan da bayani ba.

Malam Sanusi:
Ina gaishe ku duka. Ina koyar da ɗalibai masu shirin zama malaman ƙananan yara, kuma wannan saɓanin na Hajiya da Malama Zainab kusan kowace shekara sai ya taso a ajina. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina guda ɗaya ne: idan an fito da kayan, bakin wa ke motsi? Hotunan bangon Malama Hadiza sun sa yara kallo, safar Malama Zainab ta sa yara magana, kuma bambancin ke nan.

Shekaru da dama ana ambaton binciken Hart da Risley na 1995, waɗanda suka bibiyi iyalai 42 a Amurka suna ƙirga kalmomin da yara ke ji a gida, har aka yi ta yaɗa cewa yawan kalmomin da aka zuba wa yaro a kunne shi ne komai. Amma a 2018 wasu masu bincike na jami'o'in MIT da Harvard a Amurka suka naɗi maganganun gidajen yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari. Abin da ya fi alaƙa da ƙwarewar yaran a harshe, da kuma motsin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da magana, shi ne yawan karɓa-karɓar magana, wato babba ya faɗa yaro ya mayar, yaro ya faɗa babba ya mayar. Yawan surutun babba shi kaɗai bai kai wannan tasiri ba. Saboda haka, Hajiya, murya ma idan ta zama ta malami ce kaɗai daga farko har ƙarshe, za ta iya barin aji shiru kamar yadda hoto ke yi.

Game da littattafan masu miƙewa, an gwada irinsu a 2010 a kan yara 'yan shekara 3 zuwa ƙasa, aka ga waɗanda aka karanta wa littafi mai hoto lafiyayye sun fi riƙe sababbin sunaye da bayanai a kan waɗanda aka ba mai abin ja da buɗewa. Yaranki sun girmi waɗancan, Malama Hadiza, amma abin da kika bayyana na rigimar jan takarda shi ne ainihin abin da aka gani, hannu ya shagala, kunne ya tafi.

Malama Hadiza:
Na gode, Malam. To hotunan bango fa? Gaskiya na sha wahala wajen manna su, kuma duk wanda ya shigo ajin sai ya yaba.

Malam Sanusi:
An duba wannan ma. A 2014 a jami'ar Carnegie Mellon an koyar da yaran ajin reno 24 darussa shida, uku a ɗakin da aka cika bangonsa da ado, uku a ɗakin da bangonsa wayam. A ɗakin adon yaran sun fi yawan barin darasi suna kallon bango, kuma makinsu ya yi ƙasa. Ba ina cewa ki bar bangon tsirara ba ne. Ki bar wajen da suke fuskanta lokacin labari babu komai, sauran hotunan kuma ki sauke ki adana, ki riƙa fito da ɗaya idan labarinsa ya zo.

Malam Aminu:
Ni uba ne, ba malami ba, don haka ku yi haƙuri idan na yi katsalandan. Ɗana yana shekara 4, kuma na saka masa manhajar labarai a kwamfutar hannu, tana karanta masa, dabbobin suna motsi, idan ya taɓa abu ta faɗi sunansa. Ya koyi sunayen dabbobin da ni kaina ban taɓa ambata masa ba. Malami ɗaya da yara 32 ba zai iya ba kowa lokaci ba, amma na'ura ba ta gajiya kuma ba ta fushi. Me zai hana makarantu su dogara da ita maimakon safa da kwali?

Malam Sanusi:
Tambayarka tana kan hanya, Malam Aminu, kuma ba zan ce na'ura ba ta da amfani ba. A 2015 masu bincike a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan sun tattara sakamakon nazari 43 a kan labaran yara na na'ura. Sun ga cewa motsin hoto da sauti da suka dace da abin da ake faɗa suna taimaka wa yaro ya fahimci labari, musamman yaron da kalmominsa ba su da yawa. Amma wuraren taɓawa da 'yan wasannin da ake cusawa a tsakiyar labari suna raba hankalinsa. Wato abin da ka fi yabawa, a taɓa abu ya yi magana, shi ne sashen da ya fi zama abin lura.

Sai kuma gwajin Patricia Kuhl na 2003 a jami'ar Washington. An kai jarirai 'yan wata 9 na gidajen masu jin Ingilishi wajen masu jin Sinanci, zama 12, ana yi musu wasa da karatun littafi. Jariran sun iya bambanta sautukan Sinanci. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a talabijin, ko aka kunna musu muryarsu kawai, ba su koyi wannan bambancin ba. Na san ɗan shekara 4 ba jariri ba ne, yana iya ɗaukar kalma daga allo, amma allon ba ya jin kuskurensa ballantana ya gyara masa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana a gaban allo, kuma a wannan shawarar ta ambaci karatu da ba da labari tare da mai kula da yaro a matsayin abin da ya kamata ya cika lokacin zamansa.

Malam Aminu:
Na ji, amma kalmomin da ya koya fa? Da kunnena nake jin yana faɗarsu.

Malama Bilkisu:
Malam Aminu, ina aiki da yara masu jinkirin magana, kuma ina so ka gwada wani abu yau da dare. Ka kashe na'urar, ka ce ya ba ka labarin da ya kalla. Sanin sunan raƙumin dawa abu ne mai kyau, amma abin da muke nema a wannan shekaru shi ne ya iya cewa wane ne ya yi me, sannan me ya biyo baya, kuma saboda me. Kalmomi irin su "sai", "bayan nan", "saboda", "amma", "da a ce" su ne igiyar da ke ɗaure magana, kuma babu hoton da za a taɓa ya faɗe su. Idan ya iya jero maka labarin, alhamdu lillahi. Idan ya tsaya a lissafa dabbobi, to ka riƙa zama tare da shi kana tsayar da na'urar kana tambayarsa me yake zaton zai faru.

Ga Malama Hadiza kuma, kaya biyu ne suka fi yi mini aiki. Na farko jakar labari, wadda wani shugaban makaranta a Ingila, Neil Griffiths, ya yaɗa a shekarun 1990. Jaka ce ta ƙyalle, a ciki akwai abubuwa na gaske da suka shafi labari ɗaya. Idan labarin na yaron da ya ɓatar da mabuɗi ne, sai na sa mabuɗi, da kwaɗo, da igiya, da tocila. Yaro ya zura hannu bai gani ba, ya faɗi abin da yake ji kafin ya fito da shi. A nan ne nake samun kalmomin da hoto ba ya bayarwa: sanyi, nauyi, kaushi, santsi, tsini. Yaron da ya riƙe kwaɗo ya ji ƙarar datse shi ba ya mance kalmar "datse".

Na biyu katuna ne masu hoto ɗaya ɗaya, huɗu ko biyar ga kowane labari. Na samo dabarar daga kamishibai na ƙasar Japan, inda a shekarun 1930 masu ba da labari ke yawo da akwatin katako a bayan keke, suna zare hotuna ɗaya bayan ɗaya, har talabijin ya zo a shekarun 1950 ya rage musu kasuwa. Abin da ya burge ni shi ne rubutun yana bayan katin, don haka fuskar mai labari tana kallon yara koyaushe, kuma wannan yana da muhimmanci ga yaron da jinsa bai cika ba, wanda ke dogara da kallon leɓe. Idan na gama sai na hargitsa katunan na ba yara uku su jera. Jerawar ba ta dame ni ba kamar gardamar da suke yi a kanta, domin wanda ya ce wannan ne farko dole ya kawo dalili.

Hajiya Rabi:
Na karanta duka, kuma Zainab, labarin yarinyar nan ya taɓa ni, domin na tuna yara irinta da suka wuce ta hannuna ban samu mabuɗinsu ba. Na janye maganar a ajiye komai. Amma ina nan a kan abu ɗaya: labarin farko a ba da shi da baki, kaya su biyo baya. Kuma kada a riƙa canza labari kullum. Malaman yanzu suna jin kunyar maimaitawa, suna ganin kamar za a ce ba su shirya ba. Ni labari ɗaya nake riƙewa mako guda. Litinin su saurara. Talata in fara jimla in yi shiru su ƙarasa. Kafin Alhamis ina yin kuskure da gangan suna kama ni. Yaro ba ya gajiya da labarin da yake so, malami ne ke gajiya.

Malam Sanusi:
Hajiya, abin da kika gano da gogewa an gwada shi a jami'ar Sussex a 2011. Yara 'yan shekara 3 da aka maimaita wa labari ɗaya sau uku sun fi riƙe sababbin kalmomi a kan waɗanda aka karanta wa labarai uku daban-daban, duk da cewa kowane rukuni ya ji kalmomin sau adadi ɗaya. Shirun da kike yi ma yana da nasa tarihin. Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai ba sa jira fiye da kusan daƙiƙa 1 bayan sun yi tambaya, kuma idan suka jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suna tsawo, yaran da ba sa magana suna shigowa. Ina zaton yara shidan Malama Hadiza su ne masu saurin baki, sauran kuma ba a taɓa jiransu ba.

Abu na ƙarshe daga gare ni shi ne yadda ake karɓar amsa. Idan yaro ya ce "kyanwa ya gudu", kada a ce ya yi kuskure. A ce, "Ƙwarai, kyanwa ta gudu ta ɓuya a ƙarƙashin kujera." An gyara masa, an ƙara masa, kuma bai ji kunya ba. Wannan yana cikin tsarin karatun tattaunawa da Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a 1988.

Malama Zainab:
Akwai matakin da ya wuce duk waɗannan, wanda na koya daga aikin Vivian Paley, malamar ajin reno a birnin Shikago da ta rasu a 2019. Kayanta takarda ne da alƙalami da wani fili da aka shata a ƙasa. Yaro ya zo ya faɗi nasa labarin, malama ta rubuta shi yadda ya faɗa, ba ta gyara ba, sannan a zauna a da'ira, ta karanta, yara su fito su kwaikwaya. Labarin farko da wani yaro ya ba ni jimla biyu ne: "Mota ta zo. Ta faɗi." Na rubuta, na karanta da babbar murya, ya zaɓi zama motar, ya zagaya filin ya faɗi. Wani ya tambaye shi wa ke cikin motar, ya tsaya yana tunani. Bayan mako uku labarinsa ya kai jimla tara, har da direba da dalilin faɗuwar. Yara biyu ko uku nake ɗauka a rana, ina bin jerin suna don kada masu baki su cinye.

Malama Hadiza:
Na dawo bayan mako biyu in gaya muku yadda ta kasance. Na sauke hotunan da ke bayana, na ajiye littattafan masu miƙewa a kusurwar wasa. Na riƙe labari ɗaya kowane mako kamar yadda Hajiya ta ce, ranar farko da baki, rana ta biyu da 'yar tsanar safa, ta uku da katuna, ta huɗu kuma na raba su rukuni huɗu na miƙa musu kayan. Jiran daƙiƙa 3 ya fi komai yi mini wuya, sai da na riƙa ƙirgawa a zuci. Na riƙe takarda ina sa alama a gaban sunan duk wanda ya faɗi jimla cikakkiya, kuma a ranar Alhamis da ta wuce na sami yara 19.

Matsaloli biyu suka rage. Safa ɗaya ba ta isa ba, faɗa ake yi a kanta. Sannan akwai yaro ɗaya da har yanzu bai ce komai ba, ko ga 'yar tsanar. Yana kallon bakina sosai, kuma idan na kira shi daga baya sau da yawa ba ya juyowa.

Hajiya Rabi:
Maganar safa mai sauƙi ce, 'yata. Ki ba kowane rukuni tasa, kuma ki kafa doka cewa wanda safa ke hannunsa shi ke magana, idan ya gama jimlarsa ya miƙa wa na damansa.

Malama Bilkisu:
Malama Hadiza, wannan yaron kada ki jira. Kallon baki da rashin juyowa idan an kira daga baya alamu ne da ke sa mu fara zargin ji, kuma taruwar ruwa a bayan dodon kunne bayan mura abu ne da ke yawan samun yaran wannan shekaru, yana rage ji ba tare da ciwo ba, shi ya sa iyaye ba sa lura. Ki yi magana da iyayensa cikin natsuwa, ki gaya musu abin da kika gani kawai, ki roƙe su su kai shi a gwada jinsa a asibiti. Kafin sakamakon ya fito, ki zaunar da shi a gaba inda haske ke kan fuskarki, ki tabbatar yana kallonki kafin ki fara magana, kuma idan kina amfani da 'yar tsanar ki riƙe ta kusa da kumatunki don ya ga ita da leɓenki a lokaci ɗaya. Ranar jakar labari ki fara miƙa masa, ki bar abin a hannunsa yayin da kike faɗin sunan abin.